Wa ya zana hanyar da ɗanka ke bi zuwa lakwal?

A cikin shekarun nan da suka wuce, manyan garuruwanmu sun ga sabon gudron. Maraɗi ta samu rabonta a 2015 lokacin Maraɗi Kwalliya, Tawa ta samu a 2017 da Tawa Sakola, Damagaram kuma a 2018 da Zinder Sabuwa. Yamai ba a magana: ga gadojin sama na shirin Niamey Nyala, ga gada ta uku bisa kogin Isa da aka buɗe a 2021. Ba na cikin masu raina wannan aiki. Duk wanda ya taɓa tura mota cikin rairayi da rana tsaka ya san darajar titi mai kyau.

Amma ina da tambaya ga ƴan'uwana malamai, tunda ku ne kuke tsayawa bakin ƙofar lakwal kowace safiya. A cikin yara goma da ke shigowa, nawa ne mota ta kawo? A yawancin makarantun gwamnati da na sani, ko ɗaya da wuya. Wasu kabu-kabu ko adaidaita ke sauke su, kaɗan na bisa keke, sauran duka ƙafa ce ta kawo su. Ke nan an shimfiɗa titi don mafi ƙarancin masu bin sa, su kuwa masu yawan an bar musu gefe. Gefen ma ba nasu ba ne su kaɗai. Mai tebur ya kafa, mai faci ya baje, mai shago ya fito da rumfa, kanibo na buɗe babu murfi, iskar hunturu ta tara yashi. Yaron CP mai shekara bakwai da ya iso nan, dole ya sauka bisa gudron, ya bi sahu ɗaya da babbar mota.

Gudron mai santsi yana ƙara gudu, kowa ya sani. Abin da malaman lissafi da kimiyya za su iya ƙara mana shi ne, idan gudun mota ya ninka sau biyu, tazarar da take ci bayan an taka birki tana ninkawa sau huɗu. Unguwar da a da rairayi ke tilasta wa direba ya tafi a hankali, ranar da aka zuba mata gudron ba tare da an yi tunanin mai ƙafa ba, haɗarinta ga yaro ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne abin da ya fi kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya. Fiye da rabin mamatan masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Waɗannan shekaru, 5 zuwa 29, su ne shekarun ƴan lakwal tun daga CI har jami'a.

Abin da nake kira gare shi shi ne kowane gari ya kasance yana da tsari rubutacce, na shekara biyar zuwa goma, na hanyoyin ƙafa da na keke, kuma hanyar lakwal ta zama ƙashin bayan wannan tsari. Na ce tsari na shekaru, domin a nan ne gizo ke saƙar. Mun saba da aikin ƙaddamarwa: wata ƙungiya ta zo da kuɗi, a gyara mita 500 gaban babbar ma'aikata, a shafa fenti, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto. Mita 500 ɗin nan ba ta sa uba ko ɗaya ya saya wa ɗiyarsa keke. Uba ba ya auna hanyar lakwal da wurin da ya fi kyau a cikinta, yana auna ta da wurin da ya fi muni. In akwai mahaɗa guda ɗaya inda yarinya za ta ƙetare babban titi tsakanin tireloli, to hanyar duka ta lalace a wurinsa, ko da sauran kilomita ukun an shimfiɗa su da darduma. Hanyar keke kamar bututun pampo take: in ya yanke a wuri guda, ruwa ba ya isa gida.

Garin da ya fi nuna mini gaskiyar wannan shi ne Sebiya, a kudancin ƙasar Sifen. Masu karatun tarihin Andalus sun san shi da sunan Ishbiliya. Gari ne mai mutum kusan 700,000, shimfiɗaɗɗe babu tuddai, kuma da bazararsu zafi kan wuce digiri 40. Na zaɓe shi da gangan, domin da zarar an ambaci keke sai wani ya ce ai wannan na ƙasashen sanyi ne. Kafin 2006 kusan babu mai hawa keke a Sebiya don zuwa aiki ko makaranta, ko tafiya ɗaya cikin ɗari ba ta kai ba. Akwai ƴan guntayen hanyoyin keke nan da can waɗanda ba su haɗu da juna ba, kuma wofi suke. Masu adawa na nuna su suna cewa: kun gani, mutanenmu ba sa son keke.

Da majalisar garin ta tashi yin aikin, sai ta fara da taswirar garin gaba ɗaya. Aka zana layukan da za su haɗa unguwanni da tsakiyar gari da jami'a da tashoshi, aka ce ba za a ɗauki aikin ya kammala ba sai layukan sun haɗu. Tsakanin 2006 da 2007 aka gina kusan kilomita 80, zuwa 2010 aka kai wajen 120. Faɗin hanyar kamar mita biyu da rabi, mai zuwa da mai dawowa duk a ciki, launinta kore iri ɗaya ko'ina don kowa ya gane ta. Babban abu kuma, an raba ta da motoci da dakalin siminti ko turaku, ba a dogara da fenti ba. Wurin da aka yi ta, galibi daga inda motoci ke fakawa aka yanko shi, kuma an sha rigima da masu motoci da ƴan kasuwa a kan haka. Zuwa 2011 tafiye-tafiyen keke sun kai wajen 70,000 a rana, ninki da dama na abin da ake yi a da, haɗarin da mai keke ke fuskanta a kowace tafiya kuma ya ragu. Mutanen nan da aka ce ba sa son keke, ashe hanya suke jira.

Kuɗin aikin ya kai kimanin yuro miliyan 32, wato wajen sefa miliyar 21. Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da gaskiya: wace meri ce a Nijar ke da wannan? Babu. Abin da za mu ɗauko daga Sebiya shi ne jerin aikin, taswira tukuna, haɗuwar layuka, da shinge na gaske tsakanin yaro da mota. Sauran kuwa namu ya sha bamban da nasu, wani wurin ma mun fi su sauƙi.

Inda muka fi su wahala shi ne babur. Wanda ya je Wagadugu ya ga manyan titunan da aka ware wa masu ƙafa biyu layinsu a gefe, kuma ya ga mata da ƴan mata da tsofaffi bisa keke ba tare da kowa ya juyo ya dube su ba. Burkina ta riga mu nisa a nan. Sai dai layin nan babur da keke ne ke raba shi, kuma mai babur ba ya jiran mai keke. In muka yi layi mai faɗi, miƙaƙƙe, mai santsi a Maraɗi ko Damagaram muka ce na keke ne, kafin sati ya zagayo ya zama babbar hanyar kabu-kabu. Ba don ƴan kabu-kabu miyagu ne ba, neman abinci suke, kuma duk inda ya fi sauri nan za su bi. Saboda haka a ganina hanyar ƴan lakwal a garuruwanmu bai kamata ta manne wa manyan tituna ko'ina ba. Sau da yawa titi na biyu, wanda ke bayan gudron yana tafiya daidai da shi cikin unguwa, shi ya fi dacewa. A dasa turaku a bakinsa da tsakiyarsa yadda mota ba za ta ratsa ta wuce ba sai ta masu gidajen wurin, a sa tudun rage gudu a kai a kai yadda mai babur zai ga gara ya koma gudron. Mai keke da mai ƙafa da mai tura kurar ruwa ba abin da ya dame su da wannan.

Inda muka fi su sauƙi kuwa shi ne fili, kuma a nan nake son in daɗe, domin shi ne abin da in ya wuce ba ya dawowa. Mutanen Sebiya sai da suka yi faɗa a kan kowane taƙi, saboda garinsu ya riga ya ginu tun ɗaruruwan shekaru. Namu garuruwan yanzu suke ginuwa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 a Nijar, kuma muna ƙaruwa da fiye da kashi uku cikin ɗari kowace shekara, kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Gonar da aka noma gero a bara bayan gari, bana an yi mata lotisma, baɗi an fara ɗora bulo. Unguwannin da jikokinmu za su zauna, yau ake zana su bisa takarda a wani ofis. A wannan takarda, ware mita uku ko huɗu a gefen titi mai faɗin mita 20 don masu ƙafa da keke da layin itatuwa ba ya cin ko dala, alƙalami ne kawai. Bayan shekara goma, in an gina shaguna an ja rumfuna, mita ukun nan sai da rusau da diyya da kuka da zuwa wurin manya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma rubutawa bisa takarda kaɗai ba ta isa ba, Yamai ta koya mana wannan. Tun 1965 aka fara dasa dajin nan na dogon yaro da ya kewaye birnin ta gabas da arewa, fiye da hekta 2,000, don ya tare iska da ƙura. Tunani ne mai nisa, na mutanen da suka san ba su ne za su sha inuwar ba. Yau duk wanda ya bi ta wurin ya san yadda gine-gine suka cinye babban ɓangarensa, fili bayan fili. Da an ratsa dajin nan da hanyoyin ƙafa da na keke tun farko, yara na bi suna zuwa lakwal, mata na bi suna zuwa kasuwa, ina da yaƙinin da cin sa bai yi sauƙi haka ba. Filin da babu mai bin sa kowa na ganin sa kamar marar mai shi. Wanda ƙafa ke takawa kullum yana da masu tsaronsa ko ba a ɗauke su aiki ba. Don haka wurin da aka ware, a kafa masa turakun iyaka nan take, a dasa itatuwa, a zuba ko da jar ƙasa ce, mutane su fara bi.

To wa zai ce ga inda layukan za su bi? An saba a ɗauko masani daga nesa, ya kwana uku a otal, ya zagaya gari cikin mota mai sanyi, ya rubuta rahoto. Ba na ƙin masana, za a buƙace su wurin awo da magudanar ruwa. Amma ilimin da ake nema a farko yana cikin azuzuwanmu, kyauta. Malamin CM2 ko na labarin ƙasa a CEG zai iya ba da aiki guda: kowane ɗalibi ya zana hanyarsa daga gida zuwa lakwal, ya sa jan alama inda yake jin tsoro, ya rubuta dalili. Nan ne za ka ji abin da babu injiniyan da zai gani. Kwanar da direba ba ya hango mai tahowa saboda tulin bulo. Inda ruwa ke kwanciya har Oktoba. Lungun da samari ke zama suna tsokanar ƴan mata, har suke zagaye mai nisa ta bakin gudron don su kauce masa. Gidan da ke da kare. In makarantu ashirin na gari suka yi haka aka ɗora zanen bisa juna, layukan da ɗaruruwan yara ke bi za su fito da kansu, haka ma wurare biyar ko shida da kowa ke tsoro. Darasi ne na taswira da ma'auni wanda dama yana cikin manhaja, kuma takarda ce da kwamitin CGDES da ƙungiyar iyaye da ta uwaye za su iya ɗauka su kai meri.

Su kai ta a kan lokaci kuma. Kowace komin tana da kundin tsarin raya ƙasa, PDC, wanda ake yi na shekara biyar, daga cikinsa ake ciro ayyukan kowace shekara. Abin da bai shiga kundin nan ba, roƙo ne, in an ga dama a yi. Abin da ya shiga da sunan titi da tsawonsa da shekarar da za a yi shi, bashi ne, ana iya bin sa. A manyan birane akwai ƙarin wata matsala: Yamai da Damagaram kowace tana da gundumomi biyar, Maraɗi uku, Tawa biyu. Yaro ba ya sanin inda gunduma ta ɗaya ta ƙare ta biyu ta fara, shi dai lakwal zai je. In kowace gunduma ta yi nata ita kaɗai, layin zai yanke daidai kan iyaka. Dole taswirar ta zama ta birnin duka.

Game da abin da za a fara da shi, ni ƙofar lakwal zan sa gaba, tun shekarar farko, domin ita ce mafi arha kuma nan yara suka fi taruwa. Taron ministoci kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a Sitokholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin awa duk inda motoci ke cakuɗa da masu ƙafa. Allo mai lamba 30 ba ya tsayar da kowa a garinmu. Tudun rage gudu da aka yi da kyau, kafin ƙofa da bayanta, shi ke tsayarwa. A rufe kanibon da ke gaban makaranta. In ƙofar tana kallon gudron kuma akwai titin unguwa a gefe, a fasa wata ƙofar ta can, wannan ma aikin magini ɗaya ne da buhun siminti kaɗan. Bayan haka sai wuraren nan biyar ko shida da yara suka sa wa jan alama. Sai a shekarun da ke biye a riƙa ɗinke layuka, ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kai shi ƙarshe kafin a taɓa wani.

Abokin gabar keke a ƙasarmu rairayi ne, sai tsidau. Hanyar keke ba ta ɗaukar nauyin tirela, saboda haka ba ta buƙatar gudron mai tsada. Jar ƙasa da aka daddaɓe da kyau tana yi, fabe ya fi ta daɗewa, kuma fabe a nan gida ake buga shi, samarin unguwa ne ke jera shi, in wani wuri ya lotsa a cire a gyara a mayar. Abin da ke kashe irin wannan hanya rashin shara ne. Wata biyu na iska ya isa ya binne ta. Duk tsarin da bai rubuta wanda zai kwashe yashi da kuɗin da za a biya shi ba, an yi asarar fabe.

Sai inuwa. Wanda ke zaune a ofis yana ganin itace ado ne, a ƙara in kuɗi ya ragu. Yaron da ke komawa gida da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu ya san ba haka ba ne. Kowace shekara ranar 3 ga Agusta muna dasa itatuwa, a yi jawabi, a watse, awaki su gama da su kafin kaka. Me zai hana dashen na bana da na baɗi da na shekaru biyar masu zuwa a yi shi bisa layukan nan, kowane aji da nasa itatuwan da zai yi wa kariya ya shayar? Dogon yaro ko maɗaci, ban da masu ƙaya, don kada mu tara wa mai faci ciniki. Itacen da aka dasa yaro yana CI, kafin ya kai aji uku na kwalej yana tafiya ƙarƙashinsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa aikin yake son shekaru.

Akwai masu cewa ana fama da tsaro da tsadar abinci da ƙarancin azuzuwa, wa ke ta keke? Na ji wannan, kuma ba zan ce hanyar keke ta fi aji muhimmanci ba. Amma bari mu yi lissafin gida. A ce kabu-kabu na kai yaro lakwal a dala 40, ya maido shi a dala 40. Kwana biyar jika biyu ke nan, wata guda jika takwas, wata tara na shekarar karatu jika 72. Yaro ɗaya. Mai ƴaƴa uku a kwalej ya ninka, sannan ya shiga kasuwa ya tambayi kuɗin keke na hannu ya kwatanta. Iyaye da yawa sun riga sun yi wannan lissafi, abin da ya hana su sayen keken tsoro ne. Wasu kuma tsoron bai hana su ba sai ya kai su ga abin da ya fi muni, suka miƙa wa yaro ɗan shekara 13 makullin babur. Ga kuma wanda ba shi da ko ɗaya, ɗiyarsa ta ci jarabawa an tura ta CEG mai nisa, ta yi wata uku tana zuwa a makare ana kora ta, daga nan ta zauna gida. Malamai sun san irin waɗannan yara da sunayensu. A rajista ana rubuta sun bar karatu, ba a rubuta cewa nisa ne ya cire su.

Kuɗin ma ba sabo ake nema ba kamar yadda ake zato. Duk lokacin da za a shimfiɗa titi, a sa hanyar ƙafa da ta keke cikin kwangilar tun farko, lokacin da injuna ke wurin. Birnin Nairobi ya rubuta a manufarsa ta 2015 cewa aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin tituna zai tafi ga masu ƙafa da keke. Adis Ababa ta yi nata tsari na shekara goma, 2019 zuwa 2028. Waɗannan biranen Afirka ne masu talakawa da cunkoso irin namu. Rubuta kashi a takarda ba shi ne kashe shi ba, amma yana ba ɗan gari abin da zai riƙe ya yi tambaya.

Maganar masu tebur da masu rumfa kuwa, ina roƙon kada a mayar da ita aikin kora. Mun ga yadda rusau ke ƙarewa: a kore su yau da ƴan sanda, bayan wata biyu su dawo, an ƙara talauci da gaba kawai. Mai tebur yana zama inda mutane ke wucewa ne, kuma zamansa na da amfani, hanyar da ke da mai shayi da mai ƙosai da mai faci ta fi kufai aminci ga yarinya. A ja layi, a ce daga nan zuwa nan na masu wucewa ne, daga nan zuwa bango naka ne, a zauna da shugabanninsu da mai unguwa a amince. Shi ma ɗansa ta nan yake bi.

Wani abin da ba a faɗa a taro amma yana cikin zukata shi ne kunya. Keke a wurinmu ya zama alamar wanda bai samu ba. A da malamin makaranta da kekensa abin girmamawa ne a gari, yau in darakta ya zo bisa keke sai a fara tambaya ko lafiya. Ga kuma masu ganin bai dace ɗiya mace ta hau ba, alhali ita ɗin ce ake ɗorawa bayan babur ɗin saurayin da ba a san ko ɗan wa ne ba, sau biyu a rana. Ni dai a nawa ganin, yarinya da hijabinta bisa kekenta, cikin ayarin ƙawayenta, a hanyar da mutanen unguwa ke gani, ta fi zama cikin mutunci. Wa'azi ba zai kawar da wannan kunya ba. Tana raguwa ne ranar da aka ga ɗan likita da ɗan mai ga-ruwa suna tafiya hanya ɗaya saboda ita ta fi sauri da sanyi. Makaranta kuma ta yi nata: rumfa a cikin shinge inda za a ɗaure kekuna, da mai gadi da ya san aikinsa ne. Keke ɗaya da aka sace a lakwal yana mayar da iyaye goma baya.

Saura tambayar wa zai riƙe tsarin har shekara goma. Masu mulkin gari suna canzawa. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun komin-komin aka naɗa masu riƙo, kuma kafin nan ma kowane magajin gari da ya zo yakan so ya fara nasa aikin da za a tuna da shi. Ko a Sebiya, da mulkin garin ya canza hannu a 2011, aikin ya yi sanyi shekaru da dama, yawan masu keke ya daina hawa. Abin da ya sa bai mutu ba, akwai ƙungiyar masu keke ta garin da ke ta wannan kira tun 1987, ba ta tashi ba. A Holan ma, ƙasar da yau ake misali da ita, iyaye ne suka tayar da maganar. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mutum fiye da 3,000 a ƙasar, sama da 400 yara ne. Uwaye da ubanni suka fito da gangamin da sunansa ke nufin a daina kashe yara, suka riƙa tare tituna, suka dami ƴan majalisa shekara da shekaru. Hanyoyin keken da ake zuwa kallo yau daga nan suka samo tushe.

A garuruwanmu, wanda ke daɗewa wuri ɗaya shi ne uba mai ƴaƴa shida da za su bi lakwal guda ɗaya bayan ɗaya, da malamar da ta shekara goma sha biyar a unguwa. Su ne za su ajiye kofin taswirar a ofishin darakta, wani a wurin mai unguwa, duk wanda aka naɗa ko aka zaɓa su kai masa gaisuwa da ita a hannu. A taron CGDES na farko bayan komawa karatu a Oktoba, bayan an gama maganar tebura da alli da kuɗin mai gadi, wani ya ɗaga hannu ya nemi a sa hanyar lakwal cikin ajanda, a sa ranar da yara za su yi zanen, a kuma wakilta mutum biyu su je meri su nemi ganin taswirar lotisma na gaba kafin a fara raba filayen.